Ranar da Na Ƙi Cewa An Kama Shi

Ku da ke zaune a shagon caji kuna danna waya kuna cewa fassarar fim ai surutu ce kawai, ku matso ku ji abin da surutun ya ci. Sunana Sani, amma a Mafara in ka ce Sani ba mai nuna maka gidana, sai ka ce Tafinta. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina zaune gefen talabijin a gidan kallo, makirfo a hannu, fim na tafiya ina tafiya, ina juya maganar Indiyawa da Sinawa da Turawa zuwa Hausa. Ba irin ta yanzu ba, da ake shiga ɗaki mai sanyi a ɗauki murya, in an yi kuskure a goge a sake. Ni in na yi kuskure mutum ɗari ke jin shi nan take, kuma rabinsu mahauta ne.

Fim na farko da anka ba ni, ba a bar ni na ce uffan ba. Maigidana Baba Lawali Mai-Majigi, Allah ya jiƙan shi, ya zaunar da ni da hantsi, ya sa kaset, ya kashe sauti ƙurmus. Ya ce, "Kalla. In ya ƙare ka gaya mini wa ke tsoron wa." Na yi awa biyu ina kallon bakuna na motsi. Da ya dawo na fara ba shi labari, wane ya harbi wane, mota ta faɗa rami. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba, ya mayar da kaset ɗin farko ya fita. Sai a kallo na uku na gane cewa mai gidan da ke ta tsawa shi ne matsoracin, yaron gidan da ba ya magana shi ake tsoro. Daga nan ya buɗe sauti, ya koya mini bin rubutun Turancin da ke gudu a ƙasan hoto, da ɗan Turancin da na tsira da shi daga aji uku na sakandare. Kallo na ƙarshe da littafi ake yi, a raɗa wa kowa suna, don ba wanda zai riƙe sunan Basine a kai. Wanga Dogo, wancan Mai Tabo, waccan Uwar Biyu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Biro na juya kaset in zare ya fito, auduga da sifirit na goge kan bidiyo, makirfo da munka naɗe da soso da roba don kada numfashi ya shiga lasifika, sai citta da kanumfari a aljihu saboda maƙogwaro. Amma babban kayan aikin Baba Lawali wani maɓalli ne a jikin amfilifaya. In fim ya kai inda ya kamata a yi shiru ni kuma ina ta zuba, sai kawai in ji muryata ta ɓace, ya kashe ni a gaban jama'a. Na ji haushin wannan maɓalli ƙwarai, har na taɓa yaji na kwana huɗu. Shi kuwa cewa yake, fim ɗin tsoro da fargaba a cikin shiru yake dahuwa, in ka yi ta buɗe tukunya ɗanye za ka ci.

Ranar Talata ce ranarmu. Bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, sai zauren ya cika. Dillalan shanu a baya suna ƙarasa musu, makiyaya a gaba da sanduna tsakanin gwiwa, su ne masu gargaɗin ɗan wasa, "Kai, waiga, shina bayanka." Mahauta kuma a tsakiya, da ƙamshin kitse a riga. Mahauta su ne alƙalai. Mutumin da ya wuni da wuƙa ba ka yi mishi wasa da wuƙa. Sun san yadda jini ke fita in an sami jijiya, sun san launinsa in ya kwana, sun san wanda anka soka a ciki ba ya hawa bene da gudu. Babbansu a baki shi ne Ɗan'asabe, gajere mai faɗin ƙirji, wanda in fim bai yi mishi ba sai kowa ya sani.

Shi ne ma ya fara gano mini abin da nake son gaya muku. Lokacin an bar kaset an koma faifai, irin mai fim goma sha biyu a ciki. Wata Talata na sa wani na Amurka sabo fil, na 'yan sanda da wani mai kisa da ke aiko da wasiƙu. Ba a yi minti goma ba Ɗan'asabe ya ɗaga murya.

"Tafinta, wanga ai mun gane shi bara. Wando kawai anka sake mai."

Na ce a'a, sabo ne, jiya ya iso daga Sakkwato. Ya ce to mu sa ido, yanzu matar za ta buɗe firij ta ga abin da ba ta so. Matar ta buɗe firij. Zaure ya fashe da dariya, ni kuwa kunya ta kama ni da makirfo a hannu. Ashe wani na Sinawa da munka nuna bara ne Amurkawa sunka sayi labarinsa sunka sake yi da mutanensu. Tun daga ranar na shiga farautar irin waɗannan tagwayen. In na ji an ce Amurkawa sun yi wani na fargaba mai kyau, sai in tambayi masu faifai, ina uwarsa? Na tara sun fi ashirin, na Koriya, na Japan, na Faransa, na wasu ƙasashen sanyi da ban iya faɗin sunansu daidai, kowane da ɗan'uwansa na Amurka a leda ɗaya.

To ku da ke cewa na Amurka ya fi, ban ce ba su iya ba. Hotonsu tas, sautinsu kamar a cikin kunnenka ake harbin, in mota ta kife ka san mota ta kife. A cikin ashirin ɗin nan akwai biyu da na yarda sun fi na asali, don na asalin jan rai ya yi musu yawa, mutum ya ɗauki minti biyar yana ɗaure takalmi. Amma sauran duk ciwo ɗaya ke damunsu. Ba su yarda da mai kallo ba. Abin da Bakoriye zai nuna maka da ido ɗaya, Ba'amurke sai ya sa mutum biyu su zauna a mota su yi maka bayaninsa. Kiɗa zai gaya maka ga inda za ka ji tsoro, kamar yaron da ake riƙe wa hannu a tsallaka titi. Ni da ke fassara na fi kowa sani, don a nasu bakina ba ya hutawa, ina fita da maƙogwaro a bushe, jama'a kuma su fita ba abin da ya bi su gida. Babban ciwon kuma, ba su iya barin mutum a matsoracinsa. Ko mai sayar da burodi ne a fim na asali, in ya isa Amurka sai a gano ashe tsohon soja ne.

Akwai ɗaya na Koriya da munka sa wa suna Direban Kifi. Wani bawan Allah ne mai babbar motar kai kifi daga bakin teku zuwa gari. Wata rana ya rage wa wani hanya, ya sauke shi a wata mararraba, kashegari aka tsinci gawa a daidai wurin. Direba ya san fuskar mutumin sarai, unguwarsu ɗaya. 'Yan sanda sunka tambaye shi, ya ce bai ga kowa ba. Shi ke nan fim ɗin: mutumin ya san direba ya sani, direba ya san ya san, kullum suna haɗuwa a hanya. Ba a harba bindiga ko sau ɗaya. Har ya ƙare ba a kama kowa ba. A na Amurka kuwa direban ya bi mai kisan da mota har cikin ma'ajiyar kifi, sunka yi ta dambe cikin ƙanƙara, ya rataye shi a ƙugiya, 'yan sanda sunka iso da jiniya, matarsa ta rungume shi. Ɗan'asabe ya ce ƙugiyar nan ko cinyar ɗan maraƙi ba ta ɗauka.

Wannan fim shi ya raba ni da makirfo, a shekarar da ba mai son tunawa. Kun san ta, wasunku kun isa hankali. Shekarar da 'yan daji sunka matsa, anka rufe kasuwannin mako, anka yanke sabis ɗin waya, man fetur ya zama sai wane da wane. Mafara ba kasuwar Talata, ku duba wannan. Gari ya cika da mutanen da sunka gudo daga ƙauyukan wajen Maradun da Bakura, kowane gida da baƙi a zaure. Lokacin Baba Lawali ya daɗe da rasuwa, gidan kallon ya koma hannun Alhaji Mamman, wani dillalin shanu. Alhaji yana da sola da batura, don haka mu ba mu tsaya ba. Abin mamaki, a wannan shekarar ce munka fi cika, don wayoyinku sun zama madubi, ba abin saukewa, samarin da sunka guje mu sunka dawo suna neman wurin zama. Muna farawa bayan azahar, mu tashi kafin magariba, kowa ya shige gida.

Sai dai hanya ba ta biyuwa, sabon faifai ba ya zuwa. Munka nuna duk abin da muke da shi har yara na riga ni faɗin maganar ɗan wasa. Ya rage Direban Kifi kaɗai da anka daɗe ba a sa ba, kuma na Amurkan ya karce, yana zuwa tsakiya yake tsayawa. Na Koriyan ne kawai mai lafiya.

Alhaji ya kira ni ɗakinsa na bayan zaure. Munka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi maƙogwaro, ya yi mini ya jama'a, ya haƙuri da zamani. Sannan ya ce gobe in sa Direban Kifi, amma da sharaɗi.

"Kan ƙarshe, in rubutun nan nasu ya fara hawa sama, ka ce bayan wata ukku anka kama shi anka rataye. Wa ya iya karatun Koriya a garin ga?"

Na ce, "Alhaji, sunayen masu ɗaukar hoto ne ke hawa."

"Na sani. Tafinta, dubi mutanen da ke shigo muna. Wanga an kashe mishi wa, wancan an kore mishi shanu, wani ɗiyansa na daji har yau. Sun biya kuɗinsu don su manta. Ka ba su ko mutum guda da anka kama, ko a talabijin ne."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ba don mugunta ya yi ta ba, wannan na shaide shi. Na ji nauyinta. Amma raina ya ƙi. Na ce mishi, mutanen nan a bana kowa ya yi musu ƙarya, an ce musu an gama da abin, an ce su koma gida lafiya lau, ni ba ni shiga wannan layin. Shekara ashirin suna ba ni kunnensu don sun yarda abin da na faɗa shi anka faɗa. In na ƙara jimla ɗaya daga aljihuna, gobe da me zan zauna a kujerar nan? In yana so a fasa fim ɗin, a fasa, mu maimaita na Indiya.

Ya ce na Indiya mutane sun ƙoshi. Ya gyara hularsa, ya ce, "Ko ka ce an kama shi, ko ka aje makirfo. Akwai masu fassara a filashi yanzu, ba su gardama."

Na ce Allah ya kai mu goben.

Kashegari zauren ya cika har bakin ƙofa, wasu a tsaye jikin bango. Fanka ɗaya ce ke juyawa don a tanadi batir. Na sa faifai, na tauna citta, na fara. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba. Inda ɗan sanda ya tambayi direba, "Ka ɗauki wani a hanya?" na bar shirun ya yi tsawonsa kafin in ce, "Ban ga kowa ba." Ba wanda ya yi tari. Makiyayan da ke gargaɗin ɗan wasa ba su gargaɗi kowa ba. Ɗan'asabe yana tsakiya a wurinsa na kullum, hannu a haɓa, ko sau ɗaya bai tanka ba.

Aka zo wurin ƙarshe. Direba ya shiga wata rumfar shayi da safe, ya zauna. Sai ga mutumin ya shigo, ya zauna a bencin da ke kallonsa, ya ɗaga wa mai shayi yatsa biyu. Aka kawo kofi biyu. Ya tura ɗaya gaban direba. Ba kiɗa, ba magana, sai tururi. Direba ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya ɗauka da hannu biyu ya sha. Hoto ya yi baƙi, rubutu ya fara hawa.

Ba wanda ya motsa. Duk sunka juyo suna kallona, don sun saba ni ke rufe fim. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu. Wani dattijo daga cikin baƙin, mai farin gemu, ya ce a hankali, "Malam, daga baya an kama shi?"

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Na kai makirfo baki na ce, "Baba, ba a kama shi ba. Nan fim ya ƙare."

Wani saurayi ya yi tsaki ya ce wannan ai zalunci ne. Wasu sunka bi shi da gunaguni, wasu sunka fita abinsu. Dattijon ya sa takalmansa ya tafi. Da zauren ya watse na kwance sosona daga kan makirfon, don soson nawa ne, na aje makirfon a kan amfilifaya. Alhaji bai kore ni da baki ba, ni kuma ban jira ba. Munka yi sallama kamar mutanen kirki.

Kada ku zaci zan ce muku Alhaji ya yi nadama. Bayan kwana goma wani direban tirela ya kawo mishi na Amurkan a filashi, da fassarar Hausa a ciki, har da barkwanci. Sati biyu ana cika zauren. Daga ƙofar gidana ina jin tafi in an rataye mutumin a ƙugiya. In aikin fim shi ne a cika benci a yi tafi, to na Amurka ya yi aiki, ya kuma kayar da ni. Na koma gyaran rediyo da fitilar caji a zaurena, ban sake zama a kujerar nan ba har yau. Kuma in yau anka miƙo mini makirfon da sharaɗin nan, amsar da na ba Alhaji ita zan sake bayarwa, ba na rage ko wasali.

Ana nan, wata safiya ina cikin kwance murfin wata rediyo, sai ga sallamar Ɗan'asabe. Bai taɓa zuwa gidana ba. Ya zauna a tabarma, munka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyin safiya, ya rashin kasuwa. Ya aje ƙullin nama a gefe ya ce a kai ciki. Sai ya ɗauki wani ƙaramin sukurudireba yana juya shi a hannu.

Ya ce na Amurkan sau uku ya kalle shi, kuma da shi anka yi tafin.

Na ce ai ba laifi.

Ya ce, "Tafinta, shayin nan. Ni ma na sha."

Ya ci gaba, idonsa a kan tabarma. Tun da anka rufe kasuwa, saniya sai ta bayan gida ake samu. Wata biyu da sunka wuce wani mutum da ya sani ya kira shi ya ga wata saniya a wani kango. Yana ɗaga kunnenta ya ga tsagar shaidar mai ita. Ta garken abokinsa Bello ce, makiyayin da sunka yi shekara goma sha biyar suna ciniki, wanda anka kashe a rugarsa da damina anka kore shanun. Mutumin ya ga ya gani. Sai ya ja Ɗan'asabe teburin mai shayi, ya ce a haɗa musu biyu, a sa madara da yawa.

"Ina da ɗiya bakwai," in ji Ɗan'asabe. "Ya san ƙofar gidana."

Ya ɗago kai ya dube ni. "Direban nan, bayan fim ya ƙare, shina iya barci?"

"Ba su nuna ba."

"To kai mi ka gani?"

Na ce ni tafinta ne, abin da anka nuna nake faɗi.

Ya gyaɗa kai, kamar amsar da ya zo nema ke nan. Ya aje sukurudireban a inda ya ɗauke shi.

"Ran nan da dattijon nan ya tambaye ka, na riƙe numfashi. Da ka ce an kama shi, da ban ƙara yarda da bakinka ba har in mutu. Ba a kama shi ba, Tafinta. Shina nan. Jiya ma mun gaisa."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce bari ya koma, ya bar nama a rana.